Sana'ar Bin Asali: Daga Salaga Zuwa Kete Krachi

A shekarar 1892 yaƙin gidan sarauta ya ci Salaga. Kabachewura Isifa, da taimakon mayaƙan Dagwamba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo, kasuwa ta watse, unguwannin baƙi suka zama kufai. Fataken da suka yi shekara da shekaru suna sauke kanwa da tufafi da fatu a garin don su ɗauki goron Tonawa, kowa ya kama gabansa. Wasu suka yi Yeji da Kintampo, wasu suka nufi arewa, da yawa kuma suka gangara Kete, zangon da ke daf da Krachi a bakin kogin Volta. Bayan 'yan shekaru Turawa suka raba ƙasar. Yarjejeniyar 1899 ta bar Salaga a hannun Ingila, Yandi da Kete Krachi a hannun Jamus. Wa da ƙane da suka taso suna cin tuwo a akushi ɗaya, sai ga shi kowa da tasa hukumar.

Yau, bayan sama da shekara 130, jikokinsu da tattaɓa-kunnensu na haɗuwa a Nima ko Sabon Zango a Akra, a Kumasi, har a unguwar Bronx ta birnin New York. Ana gaisawa, ana tambayar gida, sai a ji sunan kaka ya zo ɗaya, ko tsagar fuskar iyaye ta yi kama. Daga nan tambaya ke tasowa: a ina muka haɗu, kuma yaushe? Akwai masu amsa wannan tambaya. Ba su da rumfa a kasuwa, ba su da sarkin sana'a kamar mahauta ko maƙera, amma aikinsu yana da kayan aiki da ladubba da lada, kuma ana daɗewa kafin a iya shi.

Tsofaffin ma'abota sana'ar a wannan yanki su ne makaɗan Dagwamba, lunsi, masu gangar da ake matsewa a hammata irin kalangunmu. A Yandi, fadar Ya-Na, babbansu shi ne Namo-Na, kuma gidajensu na danganta kansu da Bizung, ɗan Na Nyagsi. Yaro yakan fara koyo tun yana ƙarami, yana haddace kirarin sarakuna da sunayen iyayensu maza da mata, har ya kai matsayin da zai tsaya a kasuwa ya hango mutum ya kaɗa masa sunan kakansa. A lokutan sallah akan kwana a ƙofar fada ana rera tarihin masarauta, kuma akwai sassan da ba a taɓa su sai an yi yanka. Duk wanda ya ɗauka haddar baka wasa ce, ya je ya saurari makaɗin da ya jero sarakuna tun daga Na Gbewa, wanda ya zauna a Pusiga kusa da Bawku, ba tare da ya duba takarda ba.

Na biyu su ne malamai masu alƙalami. Babbansu a nan shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fatauci da karatu har Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙi, ya zama limamin garin har ya rasu a 1934. An fi saninsa da waƙoƙi, amma rubuce-rubucen zube da ya yi da ajami wa jami'in Jamus Adam Mischlich cike suke da asalin garuruwa da ƙabilu da gidajen sarauta na ƙasar Hausa. Malam Alhasan na Salaga ya rubuta labarin garinsa da na Dagwamba da Mosi. Malam Abu ya rubuta labarin Zabarmawa, su Gazari da Babatu, waɗanda suka yi shekaru suna kai hari ƙasar Gurunsi. Daga baya, da aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon a 1961, Alhaji Usman Boyo ya zaga garuruwa tare da Ivor Wilks suna tattara salsalolin karatu, wato wane ya karanta wajen wane har zuwa sama. Waɗannan takardu na nan, kuma mai bin asali da bai taɓa leƙa su ba bai fara aiki ba.

Sai dai ganga da alƙalami duk sun fi kula da manya. Makaɗi na riƙe da sunan sarki, malami na riƙe da sunan malaminsa. Ɗan alaro da ya ɗauko goro a ka, kuyangar da aka saya a kasuwar Salaga ta haifi 'ya'ya shida a gidan fatake, yaron da aka sato daga wani ƙauyen Gurunsi aka sake masa suna, waɗannan ba su shiga littafi ba. Tarihinsu yana bakin tsofaffin mata ne, in ya tsira. A wannan gurbi ne gwajin ƙwayar halitta, wanda aka fi sani da DNA, ya shigo sana'ar.

Yadda ake ɗaukar samfurin ba wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa da ke Amurka ko Ingila ya sayo kwalin gwajin ya zo da shi cikin jaka. Wasu kamfanonin, irin AncestryDNA, yawu suke so a tara a 'yar kwalba har ya kai layi. Wasu, irin FamilyTreeDNA da MyHeritage, ɗan tsinke mai auduga ake gogawa a cikin kumatu. Ga tsohuwa mai shekara tamanin, wadda bakinta ke bushewa, tsinken ya fi sauƙi. Mai aikin yakan zo da safe, ya roƙi kada a ci komai, kada a tauna goro ko taba na aƙalla rabin awa. Zai durƙusa ya gaishe ta, ya ce, Hajiya, ba jini za a ɗiba ba, ba allura, ga abin da za a yi, ga kuma inda zai tafi. In ta yarda, ya goga, ya rufe, ya rubuta lambar kwalbar a littafinsa kusa da sunanta da na uwarta da na ubanta. Daga nan ya kunna rikodar wayarsa, domin abin da za ta faɗa a awa biyu masu zuwa shi ne rabin aikin. Gwanaye ba sa tambayar shekara, don ba da ita tsofaffi ke lissafi ba. Sukan ce: da ruwa ya ci tsohon gari, kina da aure? Wa kike goyo lokacin gwamnatin Busia? Kakarki da wane harshe take faɗa in ranta ya ɓaci?

Sakamako kan fito bayan makonni. Ɗakin gwaji na duba gurabe sama da 600,000 a cikin gadon halittar mutum, ya kwatanta su da na sauran waɗanda aka gwada, ya fitar da jerin mutanen da kuka yi tarayya a wasu yankuna. Ana auna tsawon yankunan da ma'aunin da ake kira santimogan. Tunda kowa rabi yake samu daga uwa, rabi daga uba, abin da dangi suka yi tarayya a kai na raguwa a kowane hawa. Uba da ɗa sukan yi wajen 3,500. Shaƙiƙai, wajen 2,600. 'Ya'yan wa da ƙane, wajen 870. Jikokin wa da ƙane, wajen 230. Tattaɓa-kunnensu, wajen 70, kuma a nan kusan ɗaya cikin goma ba za a ga komai a tsakaninsu ba, alhali dangi ne na gaskiya. Hawa ɗaya gaba da wannan, kusan rabi ba za su bayyana wa juna ba. Waɗannan matsakaitan alƙaluma ne, waɗanda Blaine Bettinger ya fara tattarawa a 2015 daga dubban dangin da aka riga aka san dangantakarsu, kuma kowane mataki na da faɗi sosai sama da ƙasa.

A ɗora wannan lissafi a kan Salaga. A ce wa da ƙane samari ne a 1892, ɗaya ya yi Kete Krachi, ɗaya ya yi Yandi. 'Ya'yansu za su zo duniya wajen 1905, jikokinsu wajen 1940, tattaɓa-kunne wajen 1975, sai matasan yau da aka haifa bayan 2000. Idan aka gwada jikoki biyu, tsofaffin nan 'yan shekara tamanin da wani abu, dangantakar za ta fito ɓaro-ɓaro, domin da wuya ƙwarai jikokin wa da ƙane su kasa ganin juna a gwaji. Idan kuwa aka bari suka rasu aka gwada matasa, abin ya zama ko a dace ko a rasa. Watsewar Salaga tana daidai bakin iyakar abin da wannan gwaji ke iya hangowa, kuma kowace jana'izar tsoho a zango na ƙara tura ta waje. Shi ya sa mai sana'ar da ya san abin da yake yi, in kuɗin kwali ɗaya gare shi, tsohon gida zai gwada, ba mai gidan da ya biya kuɗin ba.

Lamba kuma ba ta zuwa da suna, kuma a gidajenmu tana da tarkuna da littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba. Na farko shi ne 'yan'ubanci. 'Yan uba sukan yi wajen 1,750, daidai da abin da kawu da ɗan 'yar'uwarsa ke yi, daidai da kaka da jika. A gidan da aka yi mata huɗu, bayan waɗanda aka rabu da su da kuma ƙwaraƙwarai, yawancin dangantaka ta uba ɗaya ce, wato a tsakanin 'ya'yansu da jikokinsu sai a ga rabin lambar da ake tsammani. Kwamfuta za ta ce dangin nesa ne, alhali kakanninsu a zaure ɗaya suka yi wasa. Na biyu shi ne auren zumunci, wanda ke yin akasin haka. Gidajen fatake irin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun daɗe suna aure a tsakaninsu, kuma a ƙaramin zango kowa dangin kowa ne ta hanya biyu ko uku. Ƙananan yankuna daga kakanni daban-daban sai su taru su ba da babbar lamba, a ɗauka haɗin na kusa ne. Gwani yakan duba yanki mafi tsawo, ba jimla kaɗai ba, domin dogon yanki guda ya fi nuna kaka na kusa fiye da guntaye goma. Na uku shi ne tsawon hawa. Masu lissafi kan ba kowane hawa shekara 25 zuwa 30. Amma a inda dattijo ke haihuwar auta yana da shekara saba'in, bayan ɗan farinsa ya yi jikoki, hawa uku a wani ɗaki na iya cin shekarun da hawa biyar suka ci a ɗakin uwargida. Wanda ya juya santimogan zuwa shekaru bai san wace ce uwar wa ba, zai iya kuskure da rabin ƙarni.

Akwai kuma riƙo. A ƙasar Gwanja da Dagwamba, kamar a ƙasar Hausa, ba da yaro ga gwaggo ko kawu tsohuwar al'ada ce, kuma sau da yawa sunan mariƙi ne ke bin yaron zuwa makaranta da katin shaida. 'Yan'uwantakar shayarwa ma, wadda ke haramta aure, ba ta barin alama ko ɗaya a gwaji. Duk waɗannan sai an ji daga baki.

Idan ana son wuce hawa biyar ko shida, sai a koma gwajin Y, ɓangaren da ɗa namiji ke gada daga ubansa kusan ba canji. Mace ba ta da shi, sai ta gwada ɗan'uwanta ko baffanta. Aikinsa kamar na littafin da almajirai ke kwafa da hannu ne: kowane mai kwafi kan yi ɗan tuntuɓen alƙalami, wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji tuntuɓen ya ƙara nasa, don haka in ka ɗauki kwafi biyu ka ƙirga inda suka saɓa, za ka iya kintatar tun yaushe suka rabu daga uwa ɗaya. A babban gwajin Y ana samun sabon canji kusan sau ɗaya a ƙarni, ko ƙasa da haka kaɗan. Amma canjin ba ya zuwa a kan ƙa'ida. Wani gidan zai yi biyu a hawa ɗaya, wani ya yi hawa biyar ba ko ɗaya. Saboda haka amsar da ke fitowa tazara ce: a misali, a ce kakan ya rayu wajen 1800, amma yana iya zama ko'ina daga 1650 zuwa 1900. Mai gaskiya yakan faɗi tazarar duka. Mai neman suna yakan ɗauki shekarar tsakiya ya liƙa wa wani sarki ko waliyyi. Gwajin ɓangaren uwa kuwa ya fi wannan jinkiri, mutum biyu na iya dacewa ɗari bisa ɗari alhali kakar da ta haɗa su ta wuce shekara 500.

A nan ya kamata a ja kunne. An samu wani reshen Y da ake kira R-V88 da yawa a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, har da Hausawa, kamar yadda binciken Fulvio Cruciani da abokansa ya nuna a 2010. Shekarun wannan reshe dubbai ne. Bai tabbatar da Bayajida ba, bai ƙaryata shi ba, kuma bai ce komai a kan Tohazie, jan maharbin da Dagwamba ke cewa ya biyo ta Zamfara, ba. Haka kason ƙabila da kamfanoni ke zanawa da launuka, kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali. Shi ne abin da mutane suka fi ɗoki a kai, kuma shi ne mafi rauni, domin mafi yawan waɗanda ke cikin rumbunan kamfanonin 'yan asalin Turai ne, mutanen Afirka ta Yamma kaɗan ne. Hausa ma harshe ne da zama da addini kafin jini. Zangon Salaga ya mai da Babarbare da Bazabarme da Bagurunshe Hausawa a hawa biyu.

Mafi yawan masu zuwa neman asali daga nesa baƙaƙen fatar Amurka da Karebiyan ne. Kamfanin African Ancestry, wanda Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a 2003, domin su aka yi shi, kuma bikin Shekarar Dawowa da Gana ta yi a 2019 ya ƙara yawansu. Suna zuwa Salaga su ga rijiyoyi da wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, su je Yandi su ga kabarin Babatu, wanda ya rasu a can a 1907. Haƙƙinsu ne a faɗa musu gaskiya. Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, Amurka ta hana shigo da su a 1808, wato tsakaninsu da kakan da aka kama akwai hawa bakwai ko takwas ko fiye, abin da ya saura guntaye ne ƙanana. Ana samu, ba a ce ba a samu ba: LaKisha David ta Jami'ar Illinois ta gwada Kasenawan Paga, a yankin da Bawku take, ta kuma samu waɗanda gadonsu ya haɗu da na wasu baƙaƙen fatar Amurka. Amma wanda ya karɓi dala ya nuna wa baƙo gida ya ce nan ne gidanku, ba tare da an gwada kowa a gidan ba, ya ci haram.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin waɗanda aka sayar a Salaga da Kete Krachi a zamanin Babatu ba su tsallaka teku ba. Suna nan cikin Gana, a ƙasar Tonawa, a ƙasar Ewe, da cikin zangunanmu, an aure su, sun haihu, jikokinsu limamai ne da 'yan kasuwa. Wannan ne ya sa rabin sana'ar riƙe baki ne. Tonawa na da tsohuwar doka da ta hana tona asalin wani, mu ma mun san abin da gorin bauta ke yi wa maganar aure. Gwaji na iya nuna cewa Hajiya na da dangi na kusa a ƙauyen Gurunsi, ko kuma Y na wani gida bai dace da na baffanninsu ba. Mai aikin zai kai wannan labari ga wanda aka gwada shi kaɗai, a keɓe, kuma shi ke da ikon ya faɗa ko ya binne. A shari'a ɗa na mai aure ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta yanke cewa ba a amfani da gwajin wajen kore nasabar da ta tabbata. Ni a ganina, duk wanda ya ɗauki sakamakon wani ya kai dandali ko wajen rabon gado, ya fita daga sana'ar ya shiga ɓarna.

Haka batun sarauta. Gidan Abudu da gidan Andani a Yandi duk tsatson Ya-Na Yakubu na farko ne, ba wanda ke musun haka, amma wannan sani bai hana kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a 2002 ba, kuma sulhu ne ya kai ga naɗa Ya-Na Abukari na biyu a 2019. Rikicin Kusasi da Mamprusi a Bawku ma na ƙasa da sarauta ne, ba abin da kwalbar yawu za ta raba. Mai bin asali ya nisanci a yi amfani da shi a can.

Sai amanar bayanan kansu. Samfurin na tafiya ƙasar waje, yana zama a rumbun kamfani. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na kamfanin 23andMe, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewa a kotu. Gana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, amma ikonta ba ya bin kwalba har Amurka. Dole a faɗa wa tsoho wannan da harshen da yake ji kafin ya buɗe baki, a kuma sanar da shi yana da damar a goge bayanansa.

Ta fuskar samu, sana'ar ba ta riƙe gida ita kaɗai. Gwajin dangi na gama-gari bai kai dala 100 ba, babban gwajin Y ya haura 400, kuma kuɗin na kamfani ne. Abin da ke shiga aljihun mai aikin shi ne ladan rakiya da fassara da zirga-zirga, da abin da dangi suka ga dama suka ba shi. Wanda zai yi ta da kyau yana buƙatar ya iya karanta ajami, ya ji Hausa da ɗan Dagbani ko Gwanja, ya iya lissafi, ya kuma zama mutumin da tsofaffi ke sakin jiki da shi. Samun duk wannan a mutum ɗaya da wuya, shi ya sa ya fi kyau ɗan makarantar boko da almajirin zaure su haɗa hannu.

Wannan yanki ya riga ya yi asara sau biyu bayan ta 1892. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya tashi mutum kusan 80,000, ya shanye tsohon Kete Krachi da unguwanninsa da maƙabartunsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, gidaje suka sake rabuwa tsakanin Gana da Najeriya da Nijar, akwatunan takardu suka ɓace a hanya. Waɗanda suka ga waɗannan abubuwa biyu da idonsu, suka kuma zauna da kakannin da suka gudo daga Salaga, su ne tsofaffin da ke zaune a zaurukanmu yanzu.

Don haka kira nake ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa na Kete Krachi da Salaga da Yandi da Bawku, da 'yan'uwa da ke ƙasashen waje masu aiko da kuɗin biki. Ku zauna da tsofaffin gidajenku a wannan shekara, ku naɗi muryarsu, ku rubuta sunayen mata kamar yadda kuke rubuta na maza. Ku ɗauki hoton kowace takardar ajami da ke cikin gafaka, ku ajiye kwafi a gida fiye da ɗaya. Wanda Allah ya hore wa kuɗin gwaji, ya nemi yardar mafi tsufa a gidan ya fara da shi.